Kwana Uku A Taron Kaduna

Ina ba ku haƙuri bisa shirun da kuka ji makon jiya. Tafiya ce ta kama ni zuwa Kaduna, wurin wani taro na masu kula da tsofaffin littattafan hannu, na Larabci da na ajami. Da fari na yi niyyar in kawo muku abin da aka karanta a zauren taron, amma da na dawo na zauna na auna, sai na ga abin da ya fi cancanta a ba da labarinsa shi ne wanda ya faru bayan an rufe zauren, tsakanin sallar lisha da tsakar dare. Dalili kuwa, a nan ne na kusa tozarta amanar da aka ɗora mini, ina tsammani taƙawa nake yi.

Ga yadda amanar take. A unguwarmu, cikin wani tsohon gari na ƙasar Kano, akwai gidaje uku na malamai da suka gaji littattafai tun kaka da kakanni, namu ne ƙaraminsu. Abin da ke hannuna adaka biyu ne cike da gafakoki, akwai fiƙihu, da nahawu, da hisabi, da wasiƙun da kakana ya yi musaya da malaman Zazzau da na Katsina. Mafi yawansu an rubuta su bisa takardar nan mai kauri da fatake ke kawowa daga ƙasar Italiya ta hanyar Tarabulus da hamada, wadda in ka ɗaga ta a rana sai ka ga alamar jinjirin wata uku a cikinta. Takarda ce mai ƙarko, ta yi shekara ɗari da ɗoriya ba ta gaji ba. Amma gara ba ruwanta da ƙarko. Daminar bara na buɗe adaka ɗaya na tarar ta shiga ta ƙasa, ta cinye kusan sulusin wani littafi, ta bar mini gefuna. To, da takardar gayyata ta zo, aka ce a wurin taron ne za a zaɓi gidajen da za a fara aika wa masu ɗaukar hoton littattafai, sai dattawan gidajen nan biyu suka kira ni suka ce, "Malam, kai ne ka iya bakin 'yan boko, je ka ka faɗi namu." Suka haɗa mini kuɗin mota, suka yi mini addu'a.

Ranar Litinin da hantsi na shiga mota a Kano. Hunturu ya sauka, hazo ya rufe gari. Muka bi ta Kwanar Dangora da Tashar Yari, muka ratsa Zariya, muka wuce Jaji da Mararrabar Jos, muka sauka Kawo bayan azahar. Tafiyar ta haura kilomita 200, watau ta zarce mil 48 ɗin da malamanmu suka ƙayyade, ga shi kuwa ban yi niyyar zaman kwana huɗu ba, saboda haka ƙasaru na yi ta yi har na dawo. Aka sauke mu wani babban hotal, kowa da ɗakinsa, aka rataya wa kowa 'yar takarda a wuya mai ɗauke da sunansa, kamar layar yaro.

Talata aka buɗe taro. An rubuta ƙarfe tara, ba a fara ba sai wajen sha ɗaya, domin ana jiran babban baƙo. Wanda bai taɓa halartar irin wannan zama ba, bari in kwatanta masa. Akwai dogon tebur bisa dandamali inda manya ke zaune, sauran jama'a kuwa suna ƙasa bisa kujeru sahu-sahu kamar 'yan makaranta. Duk wanda ya miƙe zai yi magana sai ya gai da na kan tebur ɗaya bayan ɗaya, kowa da sarautarsa da digirinsa, kafin ya gama gaisuwa rabin lokacinsa ya tafi. Minti goma ake ba mutum ya karanta abin da ya shafe wata shida yana rubutawa, yana tsakiyar zance a kaɗa masa ƙararrawa. Mafi yawan maganar da Turanci aka yi ta, alhali kuwa masu littattafan da ake zance a kansu da yawa ba su ji. Kusan kowane mai jawabi sai ya ambaci Tambutu, yadda cikin Janairu 2013 'yan bindiga suka ƙone littattafai kimanin 4,000 a cibiyar Ahmad Baba, da yadda mutanen garin suka yi ta fitar da na gidajensu a ɓoye cikin akwatuna zuwa Bamako. Labari ne mai ban tausayi, amma ina zaune ina cewa a raina, mu tamu wutar ba ta da hayaƙi, ƙarƙashin adaka take ci. Sau uku na ɗaga hannu lokacin tambayoyi, sau uku shugaban zama ya ce lokaci ya ƙure.

Da aka tashi, wajen la'asar sakaliya, aka raba mana kati, wai ana gayyatar kowa liyafar cin abinci ƙarfe takwas na dare a lambun hotal. Bayan magariba na leƙa ta taga, na ga an ja fitilu masu launi-launi bisa itatuwa, ana gwada amsa-kuwwa, ga wasu samari suna ɗaura kayan kiɗa. Can gefe kuma ga wata 'yar rumfa da aka jera kwalabe, ba sai an gaya mini abin da ke cikinsu ba. Sai na tuna abin da muka karanta cikin Risala tun muna yara, cewa amsa kiran walimar aure yana kan mutum ne muddin babu wasa na fili ko abin ƙi bayyananne a wurin. Na ce to, in walimar aure ma an yi mata wannan togaciya, ina ga liyafar hotal? Na aika aka sayo mini burodi, na sha shayi a ɗaki, na yi lisha, na kwanta ina jin daɗin kaina, ina ganin na tsira da mutuncina.

Laraba da safe, kafin a shiga zaure, na ga mutane sun yi cincirindo gaban wani allo. Na matsa na duba. Ashe sunayen gidaje goma ne da za a fara kai wa masu ɗaukar hoto, an buga an manna. Na karanta daga sama har ƙasa, na sake daga ƙasa har sama, babu namu. Raina ya ɓaci ƙwarai. Yaushe aka yi wannan shawara, alhali jiya tun safe har yamma ban tashi daga kujerata ba sai don salla? Na fara faɗi a fili cewa son kai ne, an raba tun daga gida, mu an kira mu ne mu cika kujeru.

Wani dattijo mutumin Damagaram yana tsaye kusa da ni, gemunsa fari fat, da carbi a hannu. Ya kama hannun rigata ya ja ni gefe, ya ce, "Malam, jiya da dare ina kake?" Na ce, "Allah gafarta Malam, ina ɗakina." Ya ce, "To, ba wanda ya zalunce ka. Bayan an ci abinci, yaron nan mai kula da aikin hoto ya zauna da takarda da alƙalami yana tambayar kowa, me ke gidanku, guda nawa ne, ruwa ko gara sun taɓa su? Wanda ke nan ya faɗi nasa. Ni ma da ka gan ni, can na faɗi namu. Har cigiyar mutumin ƙasar Kano mai gidaje uku aka yi, aka ce ya kwanta." Na ce, "Allah gafarta Malam, ai ga kiɗa, ga kwalabe." Ya yi murmushi ya ce, "Kasuwar garinku babu makaɗi? Ka bar zuwa awon hatsi?"

Ban karɓi kwatancensa duka ba, har yanzu ma ban karɓa ba, domin kasuwa ratsa ta ake yi, liyafa kuwa zama ake yi a cikinta. Amma kalmar nan ta "ya kwanta" ta soke ni. Tsofaffi biyu sun tsame kuɗi daga abin cefanensu sun aiko ni in faɗi nasu, aka kira sunansu, wakilinsu yana barci.

Na shiga zaure na zauna, ana ta karatu ba na ji, ina ta juya al'amarin. Da na natsu sai na ga ashe ba baƙon abu ba ne gare mu. A garinmu ma, ranar ɗaurin aure ba a nan ake yanke sadaki ba, an riga an gama shi a zaure wani dare da ya wuce, tsakanin mutum huɗu da fitila. Rikicin iyakar gona sau da yawa kafin a kai shi gaban dagaci da safe, dattawa sun kashe shi a hirar bayan lisha. Zauren taron 'yan boko kuwa ya fi fada tsanani, domin duk mai magana a cikinsa ya san ana rubuta abin da ya faɗa, ga shugabansa na wurin aiki yana zaune yana ji. A nan ba mai cewa ban sani ba, ba mai cewa kuɗin da aka ba mu ba zai isa gida ashirin ba, sai goma. Sai dare ya yi, an sassauta rawani, an ajiye takardar wuya, sa'an nan mutum ke tambayar ɗan'uwansa abin da yake so ya sani da gaske. Abin da ya bambanta kawai, mu zaurenmu tabarma ce da buta, su nasu lambu ne da amsa-kuwwa.

Da yammacin ranar aka ɗebe mu cikin mota aka kai mu ziyara Gidan Arewa, a titin Rabah. Nan ne gidan Firimiyan Jihar Arewa, Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, inda aka kashe shi cikin daren da ya waye 15 ga Janairu 1966. A 1970 aka mai da wurin cibiyar adana tarihi da bincike, Farfesa Abdullahi Smith ya zama shugabanta na fari, yanzu kuwa tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ina zagayawa ina kallon hotunan mutanen wancan zamani, sai na tuna su ma fa 'yan tafiya taro ne, taron da ya fi namu nauyi nesa ba kusa ba. Daga 23 ga Mayu zuwa 26 ga Yuni 1957, wata guda cur da 'yan kwanaki, Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano da sauran wakilan Nijeriya suna Landan, a Gidan Lankasta, suna shawarar tsarin mulki, Mista Lennox-Boyd yana shugabancin zama. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a garin nan sai bayan ƙarfe tara na dare, kafin biyar na safe kuwa ta sake fitowa, ka ga mai salla aiki ya same shi. Abinci ba nasu ba, al'ada ba tasu ba, giya kuwa a can ba abin ɓoyo ba ce. Da sun ce garin bai dace da su ba sun zauna gida, da an yanke wa Arewa hukunci ba ta nan. Kuma tun kafin su tashi, Firimiyoyin jihohin nan uku sun gana a Ikko sun daidaita baki bisa neman mulkin kai a 1959, watau babbar maganar an fara ƙulla ta ne a waje kafin a shiga zaure. Ba su sami shekarar da suka nema ba, sai da aka koma a 1958 aka tsai da 1 ga Oktoba 1960. Amma a zaman 1957 ne aka amince da kujerar Firayim Minista, wadda Abubakar ya hau cikin shekarar nan. Na fito daga gidan na ce wa dattijon Damagaram, "Allah gafarta Malam, yau in za ka tafi ka biyo mini."

Bayan lisha ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, muka sauka tare. Lambun ya cika. Tebura ne masu kewaye, kowane da kujeru takwas, an shimfiɗa musu farin ƙyalle, an jera cokula da wuƙaƙe iri-iri, ban san wace ce ta fari ba. Abinci kuwa ba a kawo wa mutum, an jera shi ne cikin manyan tasoshi bisa dogon tebur, kowa ya ɗauki faranti ya bi layi. Kai, jama'a, na ga abin mamaki! Ga farfesa, ga darakta, ga mai rawani, kowa riƙe da farantinsa a layi kamar almajirai ƙofar gidan mai sadaka. Akwai shinkafa iri uku, da tuwon shinkafa da miyar taushe, da sakwara, da farfesun kayan ciki, da kaji, da wani ganye ɗanye da Turawa ke ci. Na ga wani ya tara duka bisa faranti guda har miya na zuba bisa takalminsa. Ni dai na ɗebi tuwo, na nemi ruwa na wanke hannu, na bar musu wuƙaƙensu.

Teburin da muka fara zama, ba mu daɗe ba wani baƙo ya zo da kwalbarsa ya ajiye. Dattijo ya dube ni, na dube shi, muka ɗauki farantanmu muka koma wani tebur can nesa da rumfa, ba mu ce uffan ba, shi ma baƙon bai ji an wulakanta shi ba. A sabon teburin muka tarar da wata Baturiya mai binciken ajami, ta miƙo mini hannu, na dafa ƙirjina na sunkuya. Nan take ta janye nata ta dafa ƙirji, ta ce, "Gafarta Malam, na manta." Hausarta irin ta littafi ce, tana cewa "sa'an nan" da "watau" kamar tsohon alƙali. Na ce, "Malama, a ina kika koya?" Ta ce a Zariya, gidan wata tsohuwa da ta riƙe ta kamar 'ya. Abin da na ji tsoro tun daga gida, watau yadda zan ƙi hannu ban ɓata wa mutum ba, ya wuce kafin in haɗiye loma.

Wajen tara da rabi sanƙiran zamani ya karɓi amsa-kuwwa, ya shiga kiran manya ɗai-ɗai yana kirari, makaɗa suka saki kiɗa. Wasu suka miƙe suka shiga fili, aka fara liƙi, takardun naira suna zuba ƙasa ana tattakawa. Na yi mamaki, domin dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta haramta wannan, ta yanka wa mai yi ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun, masu liƙin nan kuwa duk sun fi ni sanin doka. A nan na ce wa dattijo iyakata ke nan. Ya ce, "Tawa ma. Amma ba ɗaki za mu ba, biyo ni."

Ashe akwai zama na biyu, shi ne na gaskiya. A bakin ƙofar hotal, ƙetaren titi, akwai mai shayi da bencinsa biyu, kusa da shi ga mai tsire ya hura wuta. Sanyin hunturu ya sa kowa ya matso. Na tarar da mutum wajen goma sha biyu daga cikin 'yan taro, duk waɗanda kiɗa ya koro. Ga yaron nan mai kula da aikin hoto, ga wani ma'aikacin ajiyar takardu, Kirista ne mutumin Filato, ga wani saurayi daga Zangon Kumasi, Baturiyar nan ma ta biyo mu ta zauna bakin benci da mayafinta. Saurayin Kumasi Hausarsa ta ba ni dariya da fari, don mace ma "ya zo" yake ce mata, amma da ya shiga ba da labarin Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya zauna Salaga, ya ƙare a Kete Krachi, ya rasu a 1934, da irin rubuce-rubucen ajamin da ya bari, sai na kama bakina. Sunan malamin kaɗai na sani, yaron kuwa ya karanta shi. Da aka zo biyan kuɗi, mai shayi ya ɗaga takardar naira 500 a fitila ya karanta ajamin da ke jikinta, ya ce shi da wannan yake gane kuɗi. Nan gardama ta tashi bisa cire ajami da aka yi daga naira 5 da 10 da 20 da 50 a 2007, da kuma sabuwar naira 100 ta 2014. Mutumin Filato ya faɗi dalilin waɗanda suka so a cire, dattijon Damagaram ya amsa masa, aka yi ta har shayi ya huce, ba wanda ya ɗaga murya. Da a zaure aka ta da wannan magana, da shugaban zama ya kashe ta tun ba ta yi nisa ba.

Sai dattijo ya ce, "Malam, fito da abin da ka zo da shi." Na zaro gafaka daga aljihun riga, na buɗe, na ɗora ganye ɗaya na littafin da gara ta ci bisa tafin hannuna. Yaron nan ya haska da fitilar wayarsa, wurin ya yi tsit. Mutumin Filato ya ce, "Malam, ni ban iya karanta su ba, amma shekara ashirin ina share musu ƙura. Wannan a ƙasa adakar take, ko?" Na ce a ƙasa take, jikin bango. Ya ce in na koma, tun kafin in cire takalmi in ɗora ta bisa bulo, in raba ta da bango, in riƙa leƙa ƙarƙashinta. Ya hana ni sa littafi cikin leda, domin tana tara gumi takarda ta yi fumfuna. Ya hana ni liƙe yagewa da salatif, ya ce danƙonsa yana cin tawada, in ya tsufa ya bar tabo. Wanda duk ya ce in kawo a manne mini ganye cikin roba da zafi, in guje shi, don abin da aka manne ba ya ɓamɓaruwa. Maganin ƙwari kuwa a fesa wa ɗaki, kada ya taɓa takarda. Yaron ya ƙara da cewa, da yake littattafanmu ba ɗinkakku ba ne, ganye-ganye ne, kada in yi karambanin jera su kafin su zo. Su za su ɗauka yadda suka tarar, daga baya a bi kalmar nan da marubuci ke saukewa a ƙasan shafi don ta nuna farkon na gaba. Wallahi abin da na ƙaru da shi bisa bencin nan cikin rabin sa'a ya fi na wuni biyu a zaure.

Sa'an nan na faɗi abin da ke cin dattawanmu, wanda ba zan iya faɗi gaban amsa-kuwwa ba. Na ce tsoronsu kada a ce hoto za a ɗauka, a tafi da littafi, ko a ga sirrin gidansu yana yawo a wayoyin yara. Yaron ya ce, "Baba, ko ganye ɗaya ba zai fita daga zaurenku ba. A gabanku za a ɗauka, a bar muku kwafi, abin da kuka ce kada a nuna wa duniya kuwa ba za a nuna ba." Baturiya ta ce haka ƙa'idar take a shirin ceton tsofaffin takardu na Babban Ɗakin Karatu na Ingila, wanda aka fara a 2004, asalin takarda ba ya barin ƙasarsa. Na ce, "Ɗana, wannan magana a rubuce nake son ta, da Hausa, cikin ajami, don waɗanda suka aiko ni su karanta da idonsu." Ya ce bai iya rubutun ajami ba sosai. Saurayin Kumasi ya karɓi alƙalami, yaron yana faɗi yana rubutawa bisa teburin mai shayi, yaron ya sa hannu, dattijo da mutumin Filato suka shaida.

Kada mai karatu ya ɗauka ina yabon daren taro ne gaba ɗaya. Na ga abin da ya sa iyaye ke fargaba in an ce ɗansu ya tafi taron aiki. Akwai waɗanda tun ranar Talata ban ƙara ganin fuskarsu ba sai lokacin sa hannu a takardar alawus, suna kasuwa, ko suna barci, ko suna inda Allah kaɗai ya sani. Akwai wani matashi da ma'aikatarsu ta biya masa mota da masauki don ya karanta takarda ranar Alhamis da safe. Muna bakin mai shayi, wajen sha biyu saura, na ga an zo da wata mota an ɗauke shi da abokansa sun yi cikin gari. Da safe aka kira sunansa sau uku, kujerarsa ba kowa. Kafin azahar hotonsa yana rawa ya zaga wayoyin 'yan taro, ba shakka kuwa ya riga shi isa ofishinsu. Na tausaya masa, don ban ga bambanci mai yawa tsakanina da shi ba. Shi an kira shi da safe ba ya nan, ni an kira ni da dare ba na nan, kowanenmu kuwa da kuɗin wasu ya zo. Ba fatawa nake bayarwa ba, wannan aikin manyanmu ne, kuma na san akwai malaman da za su ce ko lambun ma bai kamata in taka ba. Iyakar abin da na yi ke nan: na tafi bayan na yi salla, na tafi da abokin da ya girme ni, na zauna nesa da rumfa, na tashi da aka fara rawa, na kwanta kafin ƙarfe ɗaya, asuba kuma ba ta wuce ni ba.

Alhamis da safe na sake zuwa gaban allo. Takardar tana nan yadda take da sunayenta goma, amma a ƙasa an ƙara na goma sha ɗaya da biro, rubutun hannu, da sunan garinmu. Yaron ya gaya mini gaskiya, ya ce kuɗin na gida goma ne, namu sai in an sami rara, ko wani ya janye, amma yana sa rai bayan ƙaramar Salla. Aka rufe taro da jawabai irin na buɗewa, aka raba takardun shaida, aka ɗauki hoto. Na yi ban kwana da dattijon Damagaram a Kawo, ya ba ni goro biyu.

Na isa gida bayan magariba. Da aka yi lisha dattawan nan biyu suka zo zaurena, na ba su labari tun daga fari, har da barcin da na yi daren Talata, ban ɓoye ba. Na miƙa musu takardar mai shayi. Babbansu ya matso da fitila ya karanta ta sau biyu, ya ce rubutun na mutumin Gwanja ne, ya gane da yadda yake jan wasalinsa. Ya ce shi adaka ɗaya zai buɗe tukuna, kuma yana zaune kusa da mai hoton har ya gama. Na biyun ya ce sai ya ga abin da aka yi wa na farko. Da suka tafi na kira yara muka ɗauko bulo huɗu-huɗu, muka ɗaga adakokin. Ƙarƙashin ta biyu, wadda nake tsammani lafiya take, muka tarar gara ta ja sabuwar hanya daga bango, saura kamar taƙi ɗaya ta kai katako.